Ranar da Dodo Ya Murɗa Kirik

Duk wanda ya zauna Tanut a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san garejin Ila. Rumfar kwano ce a bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas, da ɗan daɓen siminti a gabanta, da gungumen gawo biyu da ake tokare mota da su. Ila ya yi shekaru a Damagaram yana kwance ƙarƙashin motocin Nasara har ya iya kanikanci, ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa da burin a riƙa ce masa Malam Ila bakanike. To, garin bai karɓi wannan suna ba. A Tanut, daga mai shayi har mai unguwa, "bawan Dodo" suke ce masa.

Dodon nan ɗan Kawu Sani ne, wan mahaifiyar Ila. Taubasai ke nan, kuma kowa ya san dokar taubasai: ya zage ka, ya ƙwace maka hula, ya cinye maka abinci, ba ka da ikon ɓata fuska. In ka yi fushi kai ne abin dariya, kai ne mai neman yanke zumunci. Abin da ya rage maka kawai ka rama. Ramuwar kuwa da baki ake yin ta, Ila kuma ba shi da baki. Yana da 'yar in'ina, kafin ya haɗa kalma biyu Dodo ya yi masa goma, ya kuma kwaikwayi yadda ta ukun ta maƙale masa. Dodo dillalin dabbobi ne, irin mutumin da zai sayar maka da tsohuwar akuya ka tafi kana yi masa godiya. Shi ya zuba wa Ila barkono a butar alwala tun suna yara. Shi ya ɓoye masa wando ranar aurensa da Raliya, har abokai suka zo gaisuwa suka tarar da ango ɗaure da zanen uwarsa. Garin ya yi wata guda yana dariyar wannan.

Ila ba ramuwa yake nema ba, ya daɗe da fid da rai da ita. Abu ɗaya yake so a duniya: wata rana wani babba, ko uwarsa Bintu, ko shi Kawu Sani, ya dubi Dodo a gaban mutane ya ce masa abin nan ya wuce wasa. Sau ɗaya tak. Yana ganin in garejin ya kafu, manyan mutane suka fara kawo masa motocinsu, zai yi nauyin da za a faɗi wannan magana saboda shi.

Abin da ya hana garejin kafuwa kuwa rashin kirik ne, wato abin ɗaga mota da mutanen Kano ke ce wa jek. In za a ɗaga mota sai Ila ya tara majiya ƙarfi da doguwar sandar ƙarfe, a yi ta nishi da salati, sannan a cusa gungume. Alhaji Attahir, wani falken raƙuma da ya sayi Landiroba yana zaga kasuwannin Belbeji da Tenhya da ita, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye:

"Ila, ba ni ba ka motata a ɗaga ta kamar za a fid da saniya daga rijiya. Samo kirik mai mai, irin mai tayar nan da dogon hannu, ni kuma in daina kai ta Damagaram."

Da kaka ta yi, Ila ya sayar da rabin geron gonarsa, ya ƙulle kuɗin a jakar fata, ya hau kamyon hatsi, wato babbar motar kaya. Bai gaya wa kowa ba sai Raliya. Mota na shirin tashi sai ga Dodo ya ɗare kan buhuna yana washe haƙora.

"Bawa zai yi tafiya bai sallami ubangidansa ba? Matsa can in zauna."

A wani ƙauye da aka tsaya salla, Ila ya ajiye jakar cikin takalminsa ya kabbara. Da ya sallame sai ya ga fasinjoji kowa da tsinken nama a hannu, suna ta sa wa Dodo albarka. Dodo ya jefo masa jakar, ta rame ƙwarai, ga sabon rawani kuma a kafaɗarsa.

"Na ciri rabon ubangida. Ungo, ci naman, kuɗinka ne."

Motar ta kwashe da dariya. Wani dattijo ya tambaya ko taubasai ne, da aka ce masa e, ya ce madalla, ashe zumunci bai mutu ba. Ila ya karɓi tsinken ya ci, don ƙin cin ma fushi ne.

A Damagaram, cikin unguwar Zango, akwai rumfar wani Mailafiya mai sayar da kayan mota, sababbi da na hannu. Kirik biyu ya jawo musu. Na farko ja ne, tsoho, mai faɗin ƙafa, ɗaukarsa sai mutum biyu. Daga garejin wani Bature da ya koma gida ya fito. Na biyu kore ne, sabo fil, fentinsa har ɗaukar ido yake, ba wanda ya san ƙasar da ta haife shi, kuma da hannu ɗaya za ka ja shi.

Ila ya tsuguna. Ya shafa bakin tulun man kowanne, ya duba yatsansa ko akwai jiƙa. Ya girgiza hannayen ya ji ko suna wasa a mazauninsu. Ya juya tayoyin. Sannan Mailafiya ya sa aka tura jan ƙarƙashin wani mushen mota da ke bayan rumfa. Ya ɗaga ta ba ko ƙara, ya riƙe, da aka murɗa hannun ya sauke ta a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ila ya ji son kirik ɗin nan har cikin ƙashinsa. Ya tambayi kuɗinsa, aka faɗa, ya taɓa jakarsa. Da jakar ta iso yadda ta baro Tanut, da ya koma da shi gida.

Dodo kuwa ya sami abin wasa. Ya ja jan kirik zuwa bakin titi, ya ɗora wani ƙaton ɗan dako a kai, ya yi ta buga shi sama, sannan ya murɗa hannun yana sauke shi kaɗan-kaɗan, yana tsayar da shi inda ya ga dama, 'yan kallo na shewa. Yana can yana wannan sha'ani aka gwada koren a bayan rumfa. Shi ma ya ɗaga, ya riƙe ƙam. Amma da Mailafiya ya ɗan taɓa hannun, taɓawar da ba ta kai a ce murɗawa ba, sai motar ta faɗo rim.

"Ka dai gani da idonka," in ji Mailafiya. "Ɗagawa yana ɗagawa, riƙo yana riƙo. Sauka ce bai iya ba, shi faɗuwa ya sani. Ba ni ɓoye ma, shi ya sa yake da araha. In ka saye shi, ko yatsanka kada ya shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta da icce."

"Ina da gu-gungumen gawo biyu," Ila ya ce.

"To ka riƙe su da kyau."

Ila ya sayi koren. A hanyar komawa, suna zaune kan kaya, kirik na tsakanin ƙafafunsa, ya juyo ya dubi taubashinsa da fuskar da ba wasa a cikinta.

"Dodo, don girman Allah, wannan ba-ba irin jan nan ba ne. Kada ka taɓa hannunsa in mota na sama."

"Ba-ba-ba," Dodo ya ce. "To na ji, bawa."

Kuskuren Ila ke nan, kuma ya kamata a ce ya fi kowa saninsa. Ba a ce wa taubashi kada. Kada ɗin ita ce gayyatar.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Ila daɗi irin wanda bai saba da shi ba. Alhaji Attahir ya cika alkawari, ya kawo Landiroba. Masu kamyo suka fara tsayawa. Mutane kan taru su ga mutum ɗaya yana ɗaga mota da hannu ɗaya, ba nishi ba gumi. Kullum sai Ila ya cusa gungumensa kafin ya shiga, ya kuma zare su kafin ya sauke, yana tsaye daga nesa-nesa. Wata rana wani direba ya leƙo ya ce, "Ina Malam Ila?" Ila ya koma gida ya ba Raliya labarin har sau uku. Dodo ma ya ji direban ya faɗa, yana zaune kan bencin mai shayi, bai kuwa yi dariya ba.

Ran nan da safe Ila ya zo gareji bai ga gungumen ba. Icce a Damargu, yankin da Tanut take, ba abin banza ba ne, balle gungumen gawo mai kaurin nan, sai an yi tafiya kafin a sami irinsa. Ya duba bayan rumfa, ya tambayi maƙwabta, kowa sai ya kau da kai yana murmushi. Daga wannan murmushin ya gane. Mai shayi ne ya tausaya masa ya ce ya leƙa gidan uwarsa.

Ya tarar da Inna Bintu a gindin murhu, ga faskararren gawo an jibge mata har ya kai ƙugu, wuta na ci ja-wur.

"Ɗan wana ya tuna da ni," ta ce. "Tun asuba ya kawo, har ya biya mai faskare. Kai da na haifa, yaushe rabonka da kawo mini icce?"

"Inna, da su nake to-tokare mota."

Ta tuntsire da dariya har ta dafa ƙasa. "Kai, Dodo ba shi da dama! To wasanku ne, ku kuka sani. Kai ma je ka ɗauke masa akuya."

Ya koma gareji ransa a jagule, ya tarar da Alhaji Attahir na jiransa. Ƙarfen da ke riƙe da sandar tayoyin baya ya tsinke, ga kasuwar Belbeji na ci, akwai raƙuman da ya yi ciniki za a ba wani in bai isa ba. Ila ya ce ba shi da abin tokarawa. Ya gwada tubalin ƙasa, suka murƙushe tun kafin nauyi ya gama sauka a kansu.

"To mi ne amfanin kirik ɗin?" Alhaji ya ce. "In ba ka iyawa faɗa mini, in san inda na nufa. Da ma an ce mini garejin nan wurin wasan yara ne."

Wannan kalma ta wasa ita ta tura Ila. Ya ce a ransa, riƙo ai yana riƙo, Mailafiya ma ya shaida. Ba jikinsa zai shigar ba, hannu ne kawai, kusoshi biyu zai ɗaure ya fito. Ya ɗaga motar, ya cire tayar, ya roƙi 'yan kallo su ja baya. Alhaji ya tsallaka wajen mai shayi. Ila ya kwanta a kan haƙarƙarinsa, ya zura hannun dama har kafaɗa.

Ya ɗaure na farko. Yana kan na biyu ya ji muryar.

"Jama'a, ku matso ku ga yadda ake sa bawa salati. Yatsa ɗaya kawai zan sauke ta, ku ji ihu."

Dodo ne, ya taso daga kasuwar dabbobi da 'yan rakiyarsa. Ila ya ga ƙafafunsa kusa da kirik. Ya ja hannu, hannun riga ya sarƙe a ƙarfe. Ya buɗe baki.

"Do-Do-Do..."

Mutane suka fashe da dariya. Akwai maza sun fi goma a wurin, kowannensu zai iya riƙe hannun Dodo, amma wa ke shiga tsakanin taubasai? Dodo ya kama dogon hannun, ya kashe wa jama'a ido, ya murɗa yadda ya murɗa jan nan a Damagaram.

Ƙarar ba ta yi wani yawa ba. Motar ta zauna kan siminti gaba ɗaya, da hannun Ila a tsakani. Na baya ba su ga abin da ya faru ba, suka ci gaba da dariya na ɗan lokaci, har sai da jini ya gangaro ya taɓa takalmin wani. Dodo da kansa ya buga kirik ɗin, ya kuwa ɗaga motar lafiya lau. Aka naɗe abin da ya rage da rawani, aka ɗora Ila a kamyon da ke shirin tafiya kudu. A asibiti a Damagaram likita ya duba ya girgiza kai, aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Ya daɗe a kwance. Zafin ba ya faɗuwa, yatsun da babu su ma ƙaiƙayi suke yi masa. Kanikanci ya ƙare, wannan ya sani tun ranar farko. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai wani ɗan sanyi da yake ji a zuciya, har kunyar kansa yake ji saboda shi. Yanzu kam za a faɗa. Wannan ba hula ba ce, ba wando ba ne, hannu ne sukutum. Ko dutse ne a ƙirjin Kawu Sani sai ya faɗa.

Da ya dawo Tanut ya shige ɗaki. Abinci ma sai Raliya ta ajiye ta fita sannan yake ci, don bai yarda ko ita ta gan shi yana kai hagu baki ba. Wani jandarma, wato jami'in tsaro, ya zo har gida ya tambaya ko yana da ƙara, Ila ya ce a ba shi lokaci. Maganar ta kai kunnen Inna Bintu, ta zo ko sallama ba ta gama ba.

"Ɗan wana za ka kai wa jandarma? A ɗaure taubashinka, a ce ɗan Bintu ne ya sa? Wallahi in ka taka ƙofar nan ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Inna, du-dubi hannuna."

Ta duba, idonta ya cicciko, ta kau da kai. Tana son ɗanta, kada wani ya ce ba ta so. Amma gidan wanta nan ne gidan ubanta, can za ta koma in duniya ta juya mata baya.

"To ba sai an kai shi ba," Ila ya ce. "Ku dai faɗa masa. A gaban mutane. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Za a zauna," ta ce. Ya ɗauki wannan a matsayin alkawari, ya aika wa jandarma cewa ba shi da ƙara.

Aka zauna a zauren Kawu Sani bayan la'asar. Liman ya zo, da dattawan dangi, mata kuma suka taru a bakin ƙofar cikin gida, Inna Bintu a gabansu. Dodo na rakuɓe a gefe, ya rame, kansa a ƙasa. An ce tun ranar bai sake tsokanar kowa ba, ko kasuwa ba ya zama. Ila ya sa riga mai dogon hannu, ya zauna kamar mai jiran a kira sunansa a ba shi kyauta.

Kawu Sani ya gyara murya. Ya yi maganar ƙaddara, ya daɗe a kanta, Liman na gyaɗa kai. Sannan ya juyo, Ila ya zaci an zo kan Dodo. Ashe wurin Ila ya juyo.

"Kai ma Ila, ka yi ganganci. An ce an nuna ma kirik na kirki, ka bar shi ka ɗauko na araha. Wa ya aike ka? Sannan kana bakanike ka sa hannu ƙarƙashin mota ba icce. Wannan ko yaro ba ya yi."

Dattawa suka ce gaskiya ne. Ila ya buɗe baki zai yi maganar jaka da tsiren hanya, zai yi maganar murhun uwarsa, in'ina ta riƙe masa kalmomin. Ba wanda ya jira su.

"Amma ba wannan ya tara mu ba," Kawu ya ci gaba. "Hannu ya tafi, Allah ya sa kaffara ne. Abin da ke hana ni barci, wasa ya mutu tsakanin 'ya'yan nan. Dubi Dodo yadda ya koma. Taubasai su haɗu a hanya su yi gaisuwar baƙi? Ba a gidanmu ba. A kawo tuwo, su ci a akushi ɗaya a gabanmu."

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka ajiye tsakaninsu. Dodo ya matso. Ila ya dubi akushin. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an sa hagu a akushin tarayya ba, kuma duk wanda ke zauren ya san haka, sai dai ba wanda ya tuna kafin a ajiye. Kawu ya ce, "Bismilla mana." Ila ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya miƙa.

Dodo ya ɗaga kai ya dubi ubansa, ya dubi dattawa. Dillali ne, ya iya karanta abin da fuska ke so. Sai ya sa hannu ya janye akushin zuwa gabansa.

"A'a, Baba, a yi mini adalci. Cin tuwo da bawa na daure, amma hannun tsarki a cikin miyata? Ku ba shi a murfi, ya koma bayan ƙofa."

Sai Kawu Sani ya fashe da dariya, ya bugi cinyarsa. Dattawa suka bi, dariya mai ƙarfi ta mutanen da aka sauke wa kaya. Liman na share hawaye yana cewa alhamdu lillahi, wasa ya dawo. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa.

Ila ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan ta uwarsa. Tana dariya ita ma, idonta a kansa, tana roƙonsa da shi. Dariyar ta fara lafawa, ya gane shi ake jira, kuma ba mai tashi sai ya yi. Sai ya yi dariyar, hannunsa na nan miƙe a wurin da akushin yake ɗazu.

Liman ya ce a yi fatiha. Kowa ya ɗaga tafukansa biyu.